Rigar da Ta Shiga Gida Uku a Bakura

Shekarar da katafila ta tuge babbar kukar mashayar garinmu, ita ce shekarar da na ajiye fartanya na shiga aikin dam. Tun hantsi aka ɗaura wa kukar sarƙa, ba ta faɗi ba sai bayan azahar, kuma duk mai ƙafa a ƙauyenmu na ƙasar Maradun ya je kallo. A wurin kallon nan aka rubuta sunayenmu, ni da taubashina, ɗan gwaggona, aka ba kowa hular kwano da takalmin ruwa na roba. Bayan wata biyu aka tura mu haƙar hanyar ruwa wajen Bakura. Muka kama ɗaki ɗaya a Talata Mafara, mu biyu da wani Bafillace da muke aiki tare.

Allah ya yi mu tsayi ɗaya, kamar an yanki kara uku da ma'auni. Bafillacen ma da ya zo da ɗan haskensa, rana ta gasa shi ya koma irinmu.

A cikinmu babu wanda ya mallaki cikakken kayan fita. Ni ina da babbar riga shuɗiya mai aska biyu da taguwarta, gadon mahaifina. Da aka fara cewa ruwa zai ci garinmu, ita na fara ɗaukowa daga adaka. Gara ta taɓa ta a ƙasan aljihu, na zauna na yi mata maho da hannuna. Taubashina yana da wando mai kamun ƙafa, da jar dara, da takalmi sau-ciki. Bafillace ba shi da ko zare na ado, amma Baturen da ke duba aikinmu ya ba shi baƙin tabarau da agogon hannu wanda ya daina tafiya.

Wata ranar Lahadi, ranar hutunmu, taubashi ya shimfiɗa tabarma ya jera kayan a kai, hula a sama, takalmi a ƙasa, riga da wando a tsakiya. Ya ja baya ya duba.

Ya ce, "Ku dubi wanga mutum da ke kwance. Wallahi ko gidan hakimi ya shiga sai an ba shi buzu."

Na ce, "To bawa, tashe shi mana."

Ɗan mace ne, don haka bawana nake kiransa, shi kuma yana kirana ubangida marar wando. Ranar nan muka yi yarjejeniya: duk wanda sha'ani ya taso masa, shi zai sa kayan gaba ɗaya, sauran biyun su zauna ɗaki.

Ba a daɗe ba muka zama gwanaye. Kowane sha'ani da haɗinsa. In gaisuwar mutuwa ce, riga da wando da hula a daidaice, ba tabarau, ba turare, hannun riga a sake ya rufe agogo. In suna ne, a karya dara zuwa hagu, a naɗe hannun riga ɗaya a kafaɗa don agogo ya sha iska. Ɗaurin aure ana naɗe hannu biyu, a sa hankici a aljihu a bar bakinsa waje. Ranar kasuwar Talata ba a fitar da babbar riga saboda turereniya da man gyaɗa, taguwa ce da wando da tabarau. Taubashi ya taɓa gwada babbar riga da hular kwano a wani biki a Faru, wai sabon yayi ne. Ya dawo yana cewa mutanen can ba su waye ba.

Takalmin ya yi mini yawa, sai na cusa auduga a bakinsa. Bafillace kuwa matse shi yake yi, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Agogon duk mun yarda ƙarfe biyar yake nunawa. Babu wanda ya iya karanta shi a cikinmu, amma Bafillace ya ce da biyar ya mutu, muka bar shi a haka. Don haka ba ma yarda a tambaye mu lokaci sai la'asar ta yi sanyi.

Babban haɗi kuwa, wanda ake sa komai har da turare, na zuwa zance ne.

Akwai wata bazawara 'yar Bakura da ke kawo hoce, wato wainar dawa, bakin aiki. Ba ta da yawan dariya, amma in ta faɗi magana ɗaya sai lebura ya yini yana sosa kai. Wata shida ina sayen hocenta kafin na iya tambayar gidansu. Ta ce, "Sai yau bakinka ya warke?" Ta kwatanta mini. Mahaifinta dattijo ne maɗinkin riguna, kullum yana bakin zaure da allura.

Ashe abokan nawa ma ba su zauna ba. Taubashi ya sami wata a gidan da ke bayan rijiya, Bafillace ya sami wata a gidan mai dalbejiya. Duka unguwa ɗaya, layi ɗaya. Sai muka raba Lahadi: wannan tawa, mai zuwa ta taubashi, ta uku ta Bafillace. Keke ɗaya muke hawa, na mai gidan da muke haya. Ana ɗaure kayan a baya, sai an kai wata tsamiya kafin a shiga gari, a ɓuya bayanta a tuɓe kakin aiki, a ƙure adaka, a fesa turare, a shiga Bakura riga na kumbura da iska.

Ko sau ɗaya ba mu zauna mun yi tunanin abin da mutanen layin ke gani ba. Mu a wurinmu kowa sau ɗaya yake zuwa a mako uku, cikin mutunci. Su kuwa abin da suke gani, kowace Lahadi ga mutum mai shuɗiyar riga da jar dara da baƙin tabarau, a kan baƙin keke, yau ya jingine shi a wannan ƙofa, wani mako a waccan.

Wata Litinin na miƙa hannu zan ɗauki hoce, ta janye faifan.

Ta ce, "Baba ya ce in gaya maka, wagga riga kada ta sake tsayawa ƙofar gidanmu."

Na ce, "Subhanallahi. Mi rigar ta yi?"

"Yawo. Ya ce ya gan ta bayan rijiya, ya gan ta gindin dalbejiya. Ya ce ɗiyatai ba za ta auri mai zance gida uku ba."

Na rantse mata ban taɓa taka ƙofar kowa ba sai tasu. Ta bari na gama rantsuwa tsaf, har da ta kabarin mahaifina, sannan ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Ina da ido. Kai kana jan takalmi kamar agwagwa, ɗan'uwanka yana buɗa ƙafa, Bafillacenku yana ɗingishi. Tun Lahadi ta biyu na gane."

Na ce to don Allah ta gaya wa Baba. Ta dube ni kamar na ce ta hau rufin masallaci.

"In tsaya gaban ubana in yi mishi gardama a kan namiji? Ku kunka haɗa, ku je ku kwance. Ga wani mai awon hatsi can ya aiko, Baba ya ce zai ba shi amsa in an ga watan gobe."

Ta rufe faifanta. Amma na ga gefen bakinta yana motsi.

Da yamma na faɗa wa abokan zamana. Na ce magani ɗaya ne, mu je mu uku gaban dattijo ya gan mu da idonsa. Taubashi ya shiga gyaran fitilar da ba ta lalace ba. Da na matsa, gaskiya ta fito. Shi ya gaya wa tasa cewa hedima ne, lebura arba'in ke ƙarƙashinsa. Bafillace kuma ya ce wa tasa shi ke riƙe da lokaci a wurin aiki, sai ya duba agogo ake busa tashi.

Taubashi ya ce, "Ubangida, ka yi haƙuri. In munka je, ni da hedimanci mun rabu."

"Ni kuma in ba mu je ba, mai awon hatsi ya ɗauke ta."

"To ai ba za ta kwana da yunwa ba."

Ban yi faɗa ba. Ban iya faɗa ba tun ina yaro, kuma ban koya ba har yau. Na ninke rigar mahaifina da taguwarta, na sa a adaka, na datse kwaɗo, na rataya ɗan makulli a wuyana tare da laya. Na ce riga ta gaji, tana hutu.

Lahadin farko ta taubashi ce. Ya roƙe ni, ya kira ni ɗan kawu, ya tuna mini nonon da gwaggo ta ba ni lokacin da mahaifiyata ta yi ciwo. Na ce Allah ya saka wa gwaggo. Ya sa wando da dara da tabarau a kan rigar kaki, ya duba ɗan madubi, ya ce ya yi kama da ɗan doka da aka kora. Bai je ba. Lahadi ta biyu Bafillace ya yi ta zagaya adakar yana yi mata Fillanci. Shi ma bai je ba. Tsakanin nan aka yi sunan ɗan wan taubashi a Kaya, ya je da kaki, aka sa shi rabon goro da ɗaukar tabarmi. Ya dawo bai yi mini magana ba kwana biyu.

Ni dai ina cin tuwona, ina duban wata yana raguwa.

Ranar Asabar ta uku taubashi ya zauna kusa da ni ya ce, "Za mu je. Amma da sharaɗi. Tunda ka nuna mana riga taka ce, to kowa ya sa abinsa. Wandona ba ya hawa ƙugunka."

Bafillace ya ce, "Tabarau ma haka."

Suna tsammanin zan ja da baya. Na ce na yarda.

Ban taɓa ganin haɗi irin na ranar nan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Keke ba ya ɗaukar mutum uku, sai muka hau bayan tifar yashi ta sauke mu a tsamiya. Na sa taguwa da babbar riga mai aska biyu. A ƙasa gajeren wandon kaki, sai takalmin ruwa na roba har gwiwa. Ba a zuwa gaban suruki kai sake, don haka na kifa hular kwano. Taubashi ya sa jar dara a karye, wando mai kamun ƙafa, sau-ciki yana ƙyalli, a sama kuwa singileti mai huda biyu. Bafillace ya sa kakinsa na aiki da malfa da tabarau, ya naɗe hannun riga har kafaɗa don kada agogo ya ɓuya. Turare ne kaɗai muka raba daidai.

Muka shiga layin a jere. Mata masu ɗiban ruwa suka saki guga. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha, an raba shi uku!" Kafin mu kai zauren dattijo, katangu sun cika da kawuna.

Yana zaune a kan buzu, riga a cinyarsa, zare a baki. Muka tuɓe takalma, nawa sai da Bafillace ya ja mini, muka durƙusa. Muka gaishe shi da yini, da gida, da iyali, da sanyin damina, da gajiya, da aiki. Ya amsa duka, ya mayar mana, bai ɗago ba. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai ya ɗaga kai. Ya dubi hular kwano. Ya dubi singileti. Ya cire zaren daga bakinsa a hankali.

Ya ce, "Gobara anka yi?"

Na ce, "A'a Baba. Mai rigar nan da kake gani kowace Lahadi, mu ne."

"Ku ne."

"Mu uku. Riga tawa, hula da wando da takalmi na wanga, tabarau da agogo na wancan. Ni ƙofarka kaɗai nika zuwa."

Dattijo ya ajiye allurarsa. Ya ce shi idonsa ya daina rarrabe fuska daga nesa, amma ɗinki ko a kan doki ya wuce sai ya gane shi. Ya ce maho ne a ƙasan aljihu ya bi da ido har gida uku. Sannan ya ce magana ba ta isa ba, a haɗa mutumin ya gani.

A cikin zauren muka haɗa shi. Ni na fara: riga, wando, dara, tabarau, agogo, sau-ciki ba auduga. Ya ce in taka zuwa rijiya in dawo. Na tafi takalmi na faɗuwa ina komawa ina ɗauka. Na dawo na tuɓe, taubashi ya sa. Da ya kai rijiya, ƙofar gidan da ke bayanta a buɗe take, kuma tasa tana tsaye da ƙawayenta. Wani lebura da muke aiki tare, ɗan unguwar, ya ɗaga murya ya ce, "Hedima, gobe ka zo da shebur ɗinka, jiya nawa ka ɗauka!" Aka rufe ƙofar nan da ƙarfi har ƙasa ta zubo.

Bafillace ya sa, ya ɗingisa zuwa rijiya. A hanyar dawowa mahaifin tasa, wanda ya taɓa aikin reluwe, ya tare shi a gindin dalbejiya ya ce, "Samari, ƙarfe nawa?" Ya duba hannu ya ce biyar. Mutumin ya kama hannun, ya duba, ya kara a kunne, ya sake shi, ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ya shige gida.

Da muka koma zaure dattijo yana share hawaye da bakin rigar da yake ɗinki. Daga bayan labulen kara na ji dariyar mace, irin wadda aka toshe da mayafi. Wata shida da wani abu ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

Ya ce a miƙo masa rigar. Ya juya ta ciki waje, ya bi askar da ɗan yatsa, ya ce aikin mutanen da ne, yanzu ba mai zama ya yi irinsa. Ya zo kan mahon ya tsaya.

"Wa ya yi wanga?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗinkin banza ne. Zaren ma ba kalarta ba." Ya kusantar da shi ido. "Kwana nawa ka yi a kai?"

"Tara."

"Awo. Na ga alama. Ba ka iya ba, amma ba ka yi sauri ba." Ya ninke rigar ya ajiye a gefensa. "Ka bar ta nan in kwance in sake. Ka turo manyanka su karɓa. In ta koma hannunka, wuya ɗaya za ta sani."

Ban gane ba nan take, sai da taubashi ya zungure ni ya ce, "Yi godiya, sakarai, an ba ka."

Da za mu tashi dattijo ya ce a ba shi tabarau ya gani. Ya sa, ya dubi waje, ya ce kai, ashe haka rana ke yin sanyi a cikinsa, abu ya yi kyau. To, a wurinmu in babba ya yaba abinka, sai ka ce nasa ne, shi kuma ya ce Allah ya yi albarka, ka riƙe abinka. Bafillace ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai naka ne, Baba."

Dattijo ya ce, "Madalla." Ya gyara masa zama a hanci, ya ɗauki allurarsa.

Muka jira ragowar maganar. Ba ta zo ba.

Na fito da taguwa da gajeren wando da hular kwano. Muka hau bayan wata tifa muka nufi gida. Muna hawa gadar hanyar ruwa iska ta fizge jar dara daga kan taubashi, ta faɗa cikin ruwan da mu muka haƙa masa hanya. Muka bi ta da ido tana juyawa tana tafiya. Ya ce, "Ta koma Bakura. Ita kaɗai ake so can." Bafillace ya kwance agogo ya jefa mini a cinya, ya ce in haɗa da amarya.

An ɗaura aure bayan girbi. Na sa rigar mahaifina da sabon maho wanda ko ni sai na laluba nake samunsa, da wando da hula da surukina ya ɗinka. Taubashi ya zo da rigar aro daga Maradun, ya yi ta gaya wa mutane shi ya koya mini ado. Surukina ya karɓi baƙi da baƙin tabarau, Bafillace yana zaune a gabansa yana kallon fuskarsa a ciki.

Agogon yana nan a adaka. Bara a ajin yaƙi da jahilci malaminmu ya koya mana duba lokaci. Na dawo gida na ɗauko shi, na zauna na lissafa da yatsa. Ƙarfe huɗu da minti goma. Na gaya wa uwargida, ta ce ita ta sani tun ina zuwa zance, jira take in gano da kaina.

Abin da muka rasa a wannan sha'ani: tabarau ɗaya, jar dara ɗaya, 'yan mata biyu, hedimanci ɗaya, riƙon lokaci ɗaya. Sai tsamiyar da muke sa kaya a bayanta, wadda aka tuge da aka zo baje gonaki. Sai mutumin nan mai shuɗiyar riga da baƙin keke, wanda ba a sake ganinsa a Bakura ba.